Shaidar Aku da Shaidar Fada

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Haruna.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan Allah ya sa kana cikin rahama, ni ne ƙaninka Bashiru, wanda duk Gaya ke kira Aku. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon waya ne, ka san ni allo kaɗai na riƙe. Ku kuma masu leƙe ta bayan kafaɗata, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa, ba da ku nake ba.

Na rubuto in shaida maka cewa ka rasu. Na san kai ka sani tun ranar. Garinmu ne bai sani ba sai jiya Juma'a, wata uku cur bayan ruwa ya ci ka.

Bari in tuna maka safiyar. Tun da aka rufe gadar kan iyaka kamiyonka na ɗaukar kaya ke tsaye a tasha, ciyawa ta tsiro ƙarƙashin tayoyi, awaki sun mai da inuwarsa ɗaki. Ka koma rakiyar kayan mutane a jirgi zuwa tsallake. Ni na kawo ka bakin gulbi a kabu-kabuna, can ƙasa inda ake lodi nesa da gada. Jirgin Alhaji Mai Jirage ne. An jera buhunan albasa, an ɗora babura a kai, an ɗora mutane a kan baburan, saura yatsu huɗu ruwa ya taɓa bakin jirgi. Na tsaya a gaɓa na turo ciki gaba, na ɗauki muryar Alhaji ina cewa a ƙara biyu, a ƙara biyu. Masu dako suna ta faɗuwa da dariya. Ka jefo ni da albasa guda, ka ce abin da ka saba cewa: "Aku, bakinka ne zai kashe ka."

Shuɗiyar rigarka ce jikinka. Na bi ta da ido har kuka sha kwanar tsibiri.

Kafin la'asar labarin kifewar jirgin ya riga ya sha gyara. Wai albasa ce ta nutse, sai wasu baƙi biyu da ba a san garinsu ba. Yaran Alhaji da suka iya ruwa sun fito, kowa da amsa iri ɗaya a baki kamar ƴan biya karatu. Kai kuwa wai ba ka ma shiga ba. Bayan kwana uku aka samu wanda ya gan ka a Paraku. Bayan mako guda aka samu wanda ya sha shayi da kai a Kwatano. Da an ƙara ba su lokaci, Yaya, da sun yi maka amarya da ƴaƴa.

Ka san Alhaji. Carbinsa ya fi igiyar guga tsawo, ƙanshin turarensa kan riga shi shiga masallaci, sahun gaba nasa ne ko da ya zo a raka'ar ƙarshe. Shi ya bi manya gida gida yana nuna musu cewa in maganar ta fita za a hana fiton jirgi, in an hana kuwa kowa ya shiga uku. Kuma ba ƙarya ya yi ba, kowa a bakin gulbin nan yake ci: masu dako, masu shayi, masu kaki da ke juya baya a daidai lokacin da ya kamata, har da ni da babur ɗina. Shi ya sa garin ya yi tsit. Manya masu furfura suka koma duban ƙasa in sun gamu da Inna a hanya, kamar sun yar da allura.

Ka san al'adar unguwarmu. Mutuwa ba ta zama mutuwa sai amsa-kuwwar masallaci ta faɗe ta. Sai Baba Ladan ya hura, ya yi salati, ya ambaci suna da sunan uba, sannan mata su fasa kuka, a fito da tabarmi, a fara dakan gumba. In ba a faɗa ba, ko me ka gani da idonka, jita-jita ce.

Na je wurin Liman. Na tarar da shi a zaure ƙarƙashin fankar da hasken rana ke juyawa, wadda Alhaji ya sa masa. Na ce na ga shigarka jirgi da idona. Ya gyara rawani, ya ce shari'a tana son gawa ko shaidu biyu adilai. Sannan ya tambayi jama'ar zauren ko ba ni ne wanda ya taɓa sace amsa-kuwwa ba, ya yi shela da muryar Baba Ladan cewa Alhaji na rabon shinkafa da sukari, har matan unguwa uku suka cika masa ƙofar gida da kwanoni. Zauren ya ɗauki dariya. Ni ne kuwa, ba zan musa ba. Har yau in na tuna fuskar Alhaji a ranar sai in ji sanyi a raina. Amma dariyar nan ta zauren, ita ce karo na farko da aka yi dariya saboda ni na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Inna kuwa ta riƙe maganar Kwatano da hannu biyu. Kullum da magariba ta zuba tuwonka a kwanonka mai murfi ta ajiye bisa randa. Da safe ta ɗumama ta ba yara, da yamma ta sake zubawa. Matarka Zalika ta zama abin tausayi: ba mai miji ba, ba mai takaba ba. In ta sa kwalli a ce ba ta damu ba, in ta bari a ce tana yi wa mijinta fatan mutuwa. Ɗanka Sani yakan tare duk kamiyon da ya ji ƙararsa.

To, yanzu ka saurara, don nan ne za ka yi mamaki.

Ka tuna Fada? Tsohon nan shugaban cocin Katolika da ke bayan tsohuwar kasuwa, mai farar riga da takalmin roba, wanda Hausarsa ke kiran namiji da ke, mace da kai. Ka tuna ranar da na ɗaure akuyar Inna a igiyar ƙararrawarsu na zuba mata dusa nesa kaɗan, ta yi ta ja, ƙararrawa ta yi ta kaɗawa da tsakar rana har mutanensu suka fito a guje? Ka kama kunnena ka ja ni har gabansa. Na zaci zai kira jandarma. Sai ya dube ni ya dubi akuyar, ya ce ta fi mai kaɗa musu ƙararrawa zuwa a kan lokaci. Shekara da shekaru ina kwaikwayon tafiyarsa da muryarsa a majalisar shayi. Babu wanda na ci wa fuska a garin nan kamarsa.

Shi ne ya buɗe baki.

Manya sun kira taron addu'ar zaman lafiya. An kafa rumfa, an jera kujeru, ni ina can baya cikin ƴan kabu-kabu. Malamai suka yi ta karɓar makirfo ɗaya bayan ɗaya. Wanda duk ya tashi sai ya yi wa shugabanni addu'a har da kakanninsu, ya yi wa Alhaji kirari, ya zauna ya jawo kwalin abincinsa kusa da ƙafa kada na gefe ya yi kuskure. An kira Fada ne don a cika hoto, a ce kowane addini ya zo. Sai tsohon nan ya tashi da karkatacciyar Hausarsa ya ce shi bai ga zaman lafiya ba a garin da gulbi ke cin mutane ana cewa albasa ce. Ya ce waɗanda suka rufe gada, na wannan gefen da na wancan, ba su taɓa shiga jirgin fito ba, ta sama suke wucewa in tafiya ta kama su. Ya ce faɗan manya ne amma talaka ke shan ruwa. Ya ce wanda ke ɗora wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa ya san abin da yake yi, kuma wanda ya sani ya yi shiru ya taya shi lodi.

Yaya, da ka ga rumfar nan. Wani ya kama tari, wani ya tuna yana da kira a waya. Alhaji ya ja carbi da sauri har na ce tsinkewa zai yi. Mai gabatarwa ya yi wuf ya karɓe makirfo ya ce lokaci ya ƙure, alhali wani malami ya ci kusan awa guda yana lissafo ƴaƴan wani babba da sunayensu.

Bai tsaya nan ba. Ya je gidan rediyon gari ya ce yana da sunaye zai karanta. Ya fara na farko, bai kai na biyu ba aka datse shi da tallar maganin basir. Sau uku a jere aka sa tallar. Sai ya koma cocinsa ran Lahadi, gaban mutanensa da ba su cika rumfar mai shayi biyu ba, ya karanta sunayen Musulmi ɗaya bayan ɗaya, suka tsaya tsaye suka yi shiru. Wata mai sayar da gari da ke zuwa can ita ta tare ni ta ce ta ji an ambaci Haruna ɗan Malam Isa.

A coci aka fara ambaton sunanka, Yaya. Kai da ka sauke Alƙur'ani kana ɗan shekara goma sha biyar, kai da ba ka taɓa barin sahun asuba ba. Masallacin da ka yi wa dakon yashi kyauta da kamiyonka yana can yana jiran shaidu adilai.

Na je wurin Fada. Sau biyu ina kaiwa ƙofa ina juyawa, don kunya, don kuma na san idon gari. Da na shiga ya gane ni nan take, ya tambaye ni lafiyar akuya. Sannan ya buɗe wani akwatin ƙarfe. Ashe masunta sarkawa na wani ƙauye can ƙasan gulbi ne suka tsamo ku a cikin kwanaki uku. Ka san al'adarsu, wanda ruwa ya ci ba a kai shi gari, a gaɓa ake binne shi inda ruwa ya ajiye shi. Akwai mabiyan Fada biyu a ƙauyen, su suka tattara abin da aka samu a aljihunan mutane, suka rasa wanda za su kai wa ba tare da sun jawo wa kansu tsiya ba, suka kawo masa. Shi ya shiga jirgi ya je da kansa, ya tabbatar Musulmin ƙauyen sun yi muku wanka da salla, ya sa aka kafa dutse a kan kowane kabari. Ya bi ƙauyuka a kan tsohon babur ɗinsa, Tanda, Bengu, har Karakara, yana tambayar wa ya fita bai dawo ba.

Ya miƙo mini permi ɗinka na tuƙi, cikin ledar nan da kake naɗe shi. Hotonka ya jiƙe ta gefe guda, amma kai ne, da wannan ɗaure fuskar da kake yi in an ce ka dubi mai hoto.

Ya ce ya kai wa Liman takardar sunayen, ya kai wa Alhaji, ya kai wa wasu ofisoshi. Ko'ina an ba shi kujera da ruwan sanyi. Liman ya ce masa cikin ladabi ba a karɓar shaidar wanda ba Musulmi ba a irin wannan. Ka ji fa. Shaidu biyu ake nema, ga mu mu biyu: ɗaya ba ya salla, ɗaya ba ya gaskiya. Adilan garin kuwa duk ranar ba su je bakin gulbi ba, ko sun je idonsu na ciwo.

Na kawo wa Inna permin. Ta juya shi, ta shafa hoton da babban yatsa, ta ce takarda tana iya faɗawa ruwa mai ita yana tudu. Ta ce ni ne na taɓa kiranta da muryar kawunmu na Yamai na ce ta shirya an biya mata Makka. Ta tura permin ƙarƙashin matashinta, ta ce in gaskiya ne ai da an faɗa a masallaci. Da magariba ta zuba tuwonka.

Sai na koma wurin Fada na ce ya ba ni sunayen. Takardarsa da boko take, ni kuwa in na ga boko a takarda gumi nake yi. Ya zauna yana karanta mini, ni ina rubutawa da ajami a bayan kwalin sukari. Na gaya masa dabarata: muryar Liman tana bakina kamar tawa, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya ce jama'a. In na yi shela da ita babu wanda zai yi gardama, kafin ya farga an gama. Na zaci zai yaba. Sai ya girgiza kai ya ce: "An riga an rufe su da ƙarya sau ɗaya. Ka faɗa da muryarki." Haka ya ce, da muryarki, ban kuma yi dariya ba.

Matsalar ita ce, Yaya, ni kaina ban san muryata ba. Tun ina yaro da ta mutane nake yawo.

Jiya bayan an sallame Juma'a, mutane na neman takalma, na matsa kusa da ɗakin amsa-kuwwa. Tun waccan shelar shinkafa Baba Ladan ke kulle shi ya rataya makulli a wuya. Ya dube ni, ya dubi kwalin sukarin da ke hannuna. Shi abokin Babanmu ne, shi ya yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka. Ya cire makullin ya ajiye bisa taga, ya ɗauki buta ya ce alwalarsa ta karye. Ban taɓa ganin alwala mai tsawon wannan ba.

Na kulle ƙofa ta ciki na hura. Na yi salati, murya na rawa kamar ta ɗan akuya. Na ce ni ne Bashiru ɗan Malam Isa. Ina jin dariya ta tashi a waje, wani yana cewa yau kuma me ake rabawa. Na karanta suna na farko da garinsu. Na biyu. Na uku. Dariyar ta fara raguwa. Da na kai kan ɗan gidan mai gyaran taya, wanda aka ce ya gudu Legas, sai na ji ihun mace daga bayan masallaci. Aka fara dukan ƙofa. Na ci gaba. Naka na bari ƙarshe don na san in na fara da shi ba zan kai ko'ina ba. Na ce Haruna ɗan Malam Isa, direba, ya rasu a gulbi, an yi masa salla, yana kwance a gaɓa. Na faɗa sau uku kamar yadda Baba Ladan ke yi.

Ƙofar ta ɓalle. Yaran Alhaji sun ba ni rabona, leɓena har yanzu kamar an cusa mini goro, rigar Juma'ata ta zama tsumma. Liman yana tsaye yana faɗin fitina, fitina. Wani ya ce an saye ni, na koma coci. Ku da ke karantawa kuna raɗa wannan maganar, ku kwantar da hankalinku. Ina nan da sallata, in kun ga dama ku zo asuba ku ƙirga mu, in kun iya tashi. Ban bi addinin Fada ba, bai kuma taɓa ce mini in bi ba. Abin da na gani kawai na faɗa: a garin da rawuna suka fi rumfunan kasuwa yawa, tsoho mai takalmin roba ne ya san cewa mutum ba albasa ba ne.

Na taho gida a ƙasa ina jan ƙafa, ina tsoron abin da zan tarar. Tun daga kan kwana na hango tabarmi a ƙofar gida.

Zalika ta cire ƴan kunnenta ta shiga ɗaki. Malaman da suka hana ta farawa su ne yanzu ke gardamar daga wace rana za a ƙirga mata takaba, har da buɗe littattafai. Inna tana zaune a tsakar gida, permi ɗinka a cinyarta, tana kuka a hankali irin na wanda ya daɗe yana riƙe da shi.

Wanda ya fara zuwa gaisuwa, ka san ko wa. Ya jingine babur, ya tuɓe takalmin robarsa, ya zauna can bakin tabarma. Da aka ɗaga hannu ana fatiha ya sunkuyar da kai ya ɗora hannuwa bisa gwiwa. Liman ya iso bayan tabarmi sun cika, ya ga babu sauran abin ɓoyewa, ya karɓe addu'a ya ja ta har ƙafafun mutane suka mutu. Alhaji bai zo ba, buhun shinkafa ya aiko. Inna ta sa aka mayar masa, ta ce a gaya masa tana warin ruwa.

Ana raɗe-raɗin za a ɗauke Fada daga garin nan, wai ya cika shiga abin da ba ruwansa. Jirage kuma suna nan suna lodi yadda ka bar su. Ban ce maka an gyara komai ba.

Amma da magariba Inna ta zuba tuwo a kwanonka mai murfi kamar kullum. Ta miƙe za ta kai bisa randa, sai ta tsaya. Sannan ta juyo ta ajiye shi gabana, ta ce in ci a hankali saboda leɓen.

Na ci, Yaya. Ka yafe mini, na cinye maka duka.

Allah ya jiƙanka, ya sa gaɓar nan ta zame maka dausayin Aljanna, ya karɓe ka cikin shahidai kai da waɗanda kuka kwanta tare. Allah ya ba Inna da Zalika haƙuri, ya raya Sani bisa halinka. Tsohon nan kuma Allah ya tsare shi daga sharrin masu carbi da masu kaki, ya saka masa da shiriya da kyakkyawan ƙarshe. Gobe in Allah ya kai mu shi zai nuna mini dutsenka, ni zan tuƙa babur, don tuƙinsa ya fi Hausarsa muni.

Wassalam.

Ƙaninka mai bakin da bai kashe shi ba tukuna,
Bashiru Aku, Gaya.